Ranar da Na Zubar da Ruwan Bisa

Duk shekara makarantu kan turo mana ɗalibai su yi 'yan watanni suna koyon aiki, kuma duk shekara sai an sami wanda zai dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Baba, wannan aikin naku ai zuba ruwa ne daga kwalba zuwa kwalba." Ba na musu da shi, don gaskiya ya faɗa. Shekara talatin da ɗoriya ina zuba ruwa daga kwalba zuwa kwalba. Da shi na yi aure, da shi na gina 'yan ɗakunana a Abakpa. Abin da mai maganar bai sani ba shi ne wane ruwa ake zubarwa, wane ake ajiyewa. Ni kaina sai da gemuna ya yi fari fat na gane ban gama sanin wannan ba.

Sunana Lawal, a wurin aiki Baba Lawal. Ni ba dakta ba ne, kada a ɗora mini abin da ban karanta ba. Ma'aikacin ɗakin gwaji ne, kuma sana'ata kiwon bakteriya, wato ƙwayoyin halittar nan da ido ba ya gani, waɗanda wasunsu ke sa cuta, wasu kuma ba ruwansu da kowa. Kiwo ne sosai. Ka dafa musu abinci, ka ba su ɗumi, ka hana baƙi shiga cikinsu. In ka yi sakaci su mutu, in ka yi ganganci su kwantar da kai.

Aikin farko da aka ba ni wankin kwalabe arba'in ne. A lokacin ban daɗe da zuwa daga ƙauyenmu na ƙasar Katsina ba, ina zaune wurin yayana direba, shi ne ma ya samo mini aikin a wani ɗakin bincike da ke Unguwar Rimi. Mai koya mini shi ne Malam Iliya, wani gajeren Bazazzage mai faɗan tsiya. Na wanke kwalaben nan tas, na jera, ina jiran yabo. Ya ɗauki ɗaya, ya zuba ruwa a ciki ya juye, ya ɗaga ta wajen taga. Wasu 'yan ɗigo-ɗigo suka maƙale a jikin gilashin.

"Ka ga waɗannan?" in ji shi. "Inda ruwa ya maƙale, akwai maiƙo. Sake duka."

Sau uku na wanke kwalabe arba'in a ranar. Da na koma gida na ce wa yayana gara in koma noma, ya yi dariya har da riƙe ciki.

Sai da na shekara biyu kafin Malam Iliya ya bar ni na taɓa abu mai rai. Na koyi tukunyar tururi, wadda ke kashe duk wata ƙwaya da ke jikin kaya. Na koyi dafa romo, haka muke kiran ruwan abincin bakteriya, na koyi zuba shi a faranti ya daskare. Na koyi riƙe 'yar waya mai zobe a baki, in ƙona ta a wuta har ta yi ja, in ƙirga goma ta huce, sannan in ɗebo ƙwaya in shafa a faranti. Wanda bai jira ta huce ba ya toya abin da yake son shukawa. Har yau nakan ga ɗalibai suna yin haka, washegari su zo suna cewa farantin ne ba shi da kyau.

Dokoki biyu Malam Iliya ya dasa mini, kuma dukansu za su dawo cikin wannan labari. Ta farko, kowace ƙwaya ta shigo hannunka, ka ajiye irinta wuri biyu, ɗaya daskare a firiza, ɗaya rayayye a faranti, ko an ce ka yi ko ba a ce ba. Ta biyu ta shafi injin juyi. Wannan inji yana wulwula kwalabe da gudu har duk abu mai nauyi ya kwanta a gindi, ruwa ya tsaya garau a bisa. Bakteriya su ne masu nauyin, su muke nema. Ruwan bisa shara ne, cikin bokitin bilic, ruwan kashe ƙwayoyi, yake tafiya. Amma tsiyaye shi hannu yake so. Ka karkata kwalba sau ɗaya, a hankali, ba tsayawa, ba komawa baya, in ba haka ba abin da ya kwanta ya tashi ya bi ruwan.

"Innarka tana yin kamu?" ya tambaye ni.

Na ce tana yi.

"To yadda take tsiyaye ruwan ta bar gasara, haka za ka yi. Je ka kawo gasara."

Da gasara na yi ta koyo bayan an tashi aiki, wata da watanni, har hannuna ya iya shi kaɗai. Ina hira ina yi, ina sauraren rediyo ina yi. Ba yabon kai ba, a ɗakin nan ba a taɓa yin wanda ya kai ni tsiyaya ba.

Masu kawo mana aiki iri-iri ne. Likitoci su aiko da fitsari da majina, masu shanu su kawo madara. Na tuna wata Hajiya daga Malali mai kiwon kaji a bayan gida, ta zo da matattu uku a leda tana cewa hannu aka sa mata. Na ce ta kawo mini abincinsu da ruwan da suke sha. Kwana biyu farantin ruwan ya cika maƙil. Tankin da ke kan rufin ne ya shekara ba a wanke ba. Da na gaya mata sai ta ce, "To ai maƙwabciyar tawa ma ba ta da kirki." Ta wanke tankin dai, kajin suka daina mutuwa.

Mummunar shekara ita ce ta korona, lokacin da aka rufe gari. Ina da takardar izinin fita, nakan taka da ƙafa daga Abakpa zuwa wurin aiki, titi wayam babu ko Keke Napep. A cikin makonnin nan wuta ta ɗauke, man janareta ya ƙare, motar da za ta kawo wani ba ta sami hanya ba. Babbar firizarmu ta narke. Ƙwayoyin da aka tara tun zamanin Malam Iliya, wanda a lokacin ya daɗe da rasuwa, suka lalace a gabana. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda nake sake shukawa a faranti kowane mako. A shekarar ce kuma yayana ya rasu da ciwon ƙirji. Daga baya allurar rigakafi ta iso daga ƙasashen waje, na ga ana ɗawainiya da ita cikin akwatunan ƙanƙara, ana tsere da rana. Na ce a raina, abin da ba ya jure zafi ya zo ƙasar zafi, Allah ya sa ya kai ƙauye da ransa.

Bayan abubuwa sun lafa ne Dakta Rukayya ta zo. 'Yar nan Unguwar Rimi ce, mahaifinta tsohon ma'aikacin gwamnati, ta yi karatu a waje ta dawo. Sa'ar 'yata ta biyu ce, amma Dakta nake ce mata, ita kuma Baba. Ran da ta fara aiki ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ta zana mini ƙwayar bakteriya a bayan wata takarda, da wasu 'yan ƙananan da'ira kewaye da ita.

"Baba, ka san waɗannan halittun suna zubar da 'yan jakunkuna daga fatarsu?"

Na ce, "Dakta, shekara talatin muna tare da su, ba su taɓa gaya mini ba."

Ta yi dariya, ta yi mini bayani. Wasu bakteriya, suna cikin girma, fatarsu kan yi 'yan ƙullutu su ɓalle su faɗa cikin romo. Jakunkunan ba su da rai, ba sa haihuwa, amma da yake daga fatar bakteriya suka fito, da zarar sun shiga jikin mutum sai garkuwar jiki ta zabura. Ita kuma ta zo da wata ƙwaya da aka gyara, an rage mata dafi, an sa ta riƙa liƙa wani ɗan ɓangare na ƙayar da ke jikin ƙwayar korona a kan kowace jaka. Jiki in ya ga jakar zai kai mata hari, a nan zai haddace kamannin ƙayar. Ran da korona ta gaske ta zo, ta tarar an san ta.

"An riga an yi amfani da irin wannan dabara wajen rigakafin wani nau'in sanƙarau," in ji ta. "Fatan da ake yi, ta fi sauƙin haɗawa, kuma mai yiwuwa ta fi jure zafi. Wataƙila ma a riƙa fesawa a hanci, ba allura. Amma fata ne, Baba, sai an gwada."

Maganar jure zafin nan ita ta kama ni. Na ce, "To ina jakunkunan suke zama in an juya kwalba?"

"A ruwan bisa. Ba su da nauyin da injinmu zai kwantar da su."

Na shiga tuna bokitai nawa na cika a rayuwata.

Ga yadda maganar take. Abokan aikinta na waje su ke da wurin gwaji a kan ɓeraye, kuma ba su yarda za a iya haɗa jakunkuna masu tsabta a Kaduna ba. Suka ce ta aiko da samfuri su gani. Idan ya yi, wannan ɓangare na aikin zai zauna a nan. Idan bai yi ba, su haɗa da kansu, ita kuma ta tattara ta koma can, don babu abin da zai riƙe ta. Wani malami zai tashi zuwa can ran Asabar, shi zai tafi da samfurin da takardunsa. Kafin nan sai mun je Zariya, inda wata cibiya ke da babban injin juyi mai ƙarfin da zai kwantar da jakunkunan, kuma ranar Alhamis kaɗai suka ba mu. Garin romon da wannan ƙwaya ke ci na musamman ne, wata uku ya yi a hanya, abin da ya iso kuma na dahuwa biyu ne kacal.

Mun sha yin ƙananan gwaji kafin nan, amma ita ke tsiyaya ina kallo. Na san dokar. Da za a tashe ni daga barci a tambaye ni, zan ce ruwan bisa muke so.

Ranar Litinin dahuwar farko ta nuna, romo ya yi kauri gwanin sha'awa. Da safen na riga na juya samfuran asibiti wajen ashirin kamar kullum. Muka cika manyan kwalabe huɗu muka sa a inji. Yana cikin juyawa aka aiko shugaban wurin na neman Dakta, ya yi baƙi.

"Baba, in ya tsaya ka fara, ina zuwa," ta ce.

Inji ya tsaya. Na buɗe, na ɗauko ta farko, na karkata, na tsiyaye. Ta biyu, ta uku, ta huɗu. Ko ɗigo bai kauce ba. Na jera su a kan tebur, kowace da bakteriyarta kwance a gindi kamar an shafa da cokali, har na ja da baya ina kallon kyan aikina. A nan idona ya faɗa kan wata babbar kwalba da ke gefe, fanko, an rufe bakinta, Dakta ta rubuta a jiki da hannunta: Ruwan bisa, Litinin.

Na dubi bokitin bilic. Yana ta kumfa.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba na fatan in sake ji. Na zauna a kan kujera da safar hannu a hannuna. Da a ce wani ɗalibi ne ya yi, da na wanke shi tas. Na ji takunta a baranda, na miƙe, don Malam Iliya bai koya mini ɓoye ɓarna ba.

"Dakta, na zubar da shi."

Ta dubi kwalaben, ta dubi bokitin. "Innalillahi. Baba, duka?"

"Duka."

Ta fita ta tsaya a gindin dogon yaro da ke tsakar gida, ina hango ta ta taga tana share ido da gefen mayafi. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Da ta dawo na ce ta nemi wani ya kama mata, ni hannuna ya tsufa da hali ɗaya.

"Bar wannan maganar, Baba," ta ce, muryarta a dushe. "Romo muna da na dahuwa ɗaya. Lokaci ne ba mu da shi. Kafin in fito da iri daga firiza, in shuka a faranti ya tsiro, kwana ɗaya ya tafi. Sai Juma'a za mu gama, Zariya kuma Alhamis suka ce."

Na buɗe ƙaramin firij na ɗauko faranti. Ranar Asabar da ta wuce na shuka shi, ƙwayoyin sun tsiro ɗai-ɗai, tsaf.

"Wa ya ce ka yi wannan?"

Na ce, "Wani tsoho da ba ki sani ba."

Ta ɗaga farantin wajen haske ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce, "Kunna wuta, kawo waya."

A ranar muka ɗebi ƙwaya ɗaya muka sa a ƙaramar kwalba. Talata da sassafe muka dafa ragowar garin romon, na kakkaɓe gwangwanin har sai da ya yi ƙara, muka juye irin a manyan kwalabe. Laraba aka zo juyi. Kafin in kunna inji na ɗauki bokitin bilic na kai shi baranda, bayan ƙofa, na dawo na rufe. Dakta ta tsaya a gefena. Kowace kwalba na ɗauka sai in faɗa da ƙarfi, "Na bisa nake so," kamar mai koyon karatu. A ta uku dariya ta kuɓuce mata, ni kuwa ban yi ba. Muka tace ruwan ta matata mai ƙananan ƙofofin da ko bakteriya ɗaya ba za ta wuce ba, muka rage yawansa, muka sa a sanyi.

Alhamis muka kama hanyar Zariya a motarta, akwatin ƙanƙara a kan cinyata, na rungume shi da hannu biyu. Duk ramin da ta faɗa sai in ce, "Dakta, a hankali," ita kuma ta ce, "Baba, ruwa ne fa, ba ƙwai ba." Babban injin nasu ya kai firiza girma. Aka zuba ruwanmu a ƙananan bututu shida, aka rufe, ya yi ta gurnani awa da awanni. Muka yi azahar, muka yi la'asar.

Da aka buɗe, na ɗauka babu komai a ciki. Ruwa garau. Sai da ta karkata bututu ɗaya wajen fitila na hango wani ɗan tabo a gindi, bai kai ƙwayar riɗi ba, launinsa kamar na ƙaro. Jakunkunan ke nan. Wannan karon su ne suka kwanta, kuma ba su maƙale da ƙarfi ba, girgiza kaɗan za ta tashe su su bi ruwa. Ta kama bututun za ta tsiyaye, sai ta fasa. Ta ajiye, ta ja numfashi, ta sake ɗauka.

Sai ta juyo ta miƙo mini.

"Baba, yau kam zubar da na bisa."

Na ce, "Kin tabbata? Ni ne fa na Litinin."

"Kai ne. Shi ya sa. Na ga yadda ka bar gindin kwalaben nan, ban taɓa ganin tsiyaya mai tsabta irin ta ba."

Na karɓa. Na yi bismillah, na karkata sau ɗaya, a hankali, ba tsayawa, ba komawa baya. Ruwan ya sulale ya tafi, ɗan tabon yana nan inda yake. Haka na yi wa shida. Da na ajiye na ƙarshe ma'aikacin wurin da ke tsaye a bayanmu ya ce, "Kai, Baba, a ina ka koyi wannan?" Na ce da gasara.

Samfurin ya tafi ran Asabar. Muka koma aikinmu na fitsari da madara, ba mai tayar da zancen. Bayan 'yan watanni, wata safiya ina wanke kwalabe, Dakta ta shigo da waya a hannu, ko sallama ta manta. Jakunkunanmu sun fito da tsabta, kuma jinin ɓerayen da aka ba su ya gane ƙayar korona. Na yi hamdala, na ci gaba da wankina, don idona ya kawo ruwa kuma ba na son ta gani.

Kada wani ya fita ya ce Baba Lawal ya haɗa rigakafi. Ba mu haɗa ba. Tsakanin ɓera da mutum akwai tafiya mai nisa, gwaji kan gwaji, kuma abu da yawa kan mutu a hanyar. Ko ya jure zafi ko bai jure ba, yanzu muke kan dubawa. Mai yiwuwa in yi ritaya ban ga ƙarshensa ba. Amma aikin ya zauna a Kaduna. Dakta ba ta koma ba, har ta ɗauki mutum biyu tana koya musu, kuma garin romo yanzu kwali-kwali yake zuwa.

Ku kuma masu cewa zuba ruwa ne, na yarda, ku zo ku zuba. Zan koya muku wankin kwalba har ɗigo ya daina maƙalewa, zan koya muku ajiye iri wuri biyu, zan sa ku kawo gasara. Hannunku zai iya, har ya fi ƙwaƙwalwarku sauri, kuma daga ranar ne za ku fara jin tsoronsa.

Bokitin bilic ɗin yana baranda har yau. Duk sabon zuwa sai ya tambayi dalili, wani ma ya ɗauko shi ya kawo ciki don gyara, in sa ya mayar. Daga teburin aiki zuwa inda yake taku goma sha biyu ne, na ƙirga. Duk wanda zai zubar da wani abu a ɗakin nan sai ya yi wannan tafiyar da kwalba a hannu, kuma sau biyu na ga mutum ya kai bakin ƙofa ya tsaya cak, ya dubi abin da ke hannunsa, ya juyo. Ɗaya daga cikinsu Dakta ce.